Zuwa ga Bazazzagin Umdurman Mai Neman Lasifikar da Ba a Ƙera Ba

Bawana Bazazzagi, saƙonka na murya ya iso, kuma na daure na saurare shi har ƙarshe, domin na san mutumin Zariya ba ya iya roƙon aron allura sai ya faro daga tarihin Sarauniya Amina. Alhamdu lillahi da ka koma gidanka na Umdurman lafiya, kai da iyali. Wannan kam babu wasa a ciki. Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da bindiga ta fara magana a Hartum, duk sanda na kira wayarka na ji ta a kashe sai gabana ya faɗi. Kada kanka ya kumbura, ubangida ne kawai ba ya son asarar bawa. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa kowa da mafificin alheri.

To tunda bakinka ya buɗe har kana aike, bari mu ɗora daga inda muka tsaya. Ka ce ka tarar da ɗakin ajiyar kayan hayarka a wangale, akwatunan sauti suna nan a jere, sai dai an farke cikinsu an zare duk abin da ke da jan ƙarfe, irin ta'asar da aka yi wa wayoyin lantarki a unguwanni da dama na Hartum. Yanzu an fara ɗaurin aure, an fara suna, kana so ka sake ɗaura ɗamara. Madalla. Sai ka aike ni Sabon Gari in sayo maka lasifikar tsakiya, wadda ke ɗaukar muryar mutum, ka kuma jero mini sharuɗɗa: ta yi ƙarar da za a ji daga ƙarshen layi, ta fito da murya tas sai ka ce mawaƙin yana gabanka a zaune, na dama da na hagu su ji daidai da na tsakiya, kada zafi ya ƙona ta, kada ƙura ta shaƙe ta. Sannan ka sassauta murya, irin yadda kake yi idan za ka ci bashi, ka ce kuma ta yi araha.

Malam, ba a ƙera ta ba. Tun 1925 da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka fito da lasifika irin wadda muke amfani da ita yau, wato naɗaɗɗiyar waya a cikin ramin maganaɗisu tana tura mazurarin takarda gaba da baya, injiniyoyi suke ciniki a kan abu ɗaya: duk abin da aka ƙara maka a nan, sai an zabge maka a can. Mu Kanawa wannan ba ya ɗaga mana hankali, da shi aka yaye mu a Kurmi. Ku ne da iskar Samaru ta buga, har mai sayar da rake yana jin kansa farfesa, kuke zaton idan aka yi dogon bayani za a samu kaya kyauta.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne wai kai ne yau kake zancen tsabtar murya. Kai da ka je Jami'ar Afirka karatun Larabci, ka ɓige da hayar sifika, muka naɗa maka Sarkin Bes saboda ba ka yarda biki ya yi armashi ba sai kofunan shayi sun yi rawa a kan faranti. Amma gaskiyarka ɗaya, kuma ina jin ciwon faɗinta: a tsakiyar nan rai yake. Kunnen yaro lafiyayye yana jin sauti daga mai kaɗawa sau 20 a daƙiƙa har zuwa mai kaɗawa sau 20,000, abin da masu sana'a ke kira haz. Tsohuwar wayar tarho kuwa daga haz 300 zuwa 3,400 kaɗai take ɗauka, kuma da wannan ɗan yankin kake gane muryar mahaifiyarka, har ka san ko ranta a ɓace yake. A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka auna kunnuwan mutane suka nuna cewa inda kunne ya fi kaifi shi ne tsakanin haz 2,000 da 5,000. Bes idan ya yi ƙarya kunne yakan yafe, don ba wanda ya haddace ƙarar ƙasa. Murya kuwa tun ranar haihuwarka kake jin ta. Ga shi kuma ƙasar da ka zaɓi zama kiɗanta kusan duk a tsakiya yake: muryar mawaƙi, da udu, da goge, da akodiyon, da masu madihu da tafinsu. Ka saurari Muhammad Wardi ko Abdulkarim al-Kabli ko Sayyid Khalifa da iyayenmu suka yi yayi a Kano, ka gaya mini abin da ya rage idan aka ɓata tsakiya.

Mu fara da girma, tunda shi idonka ke fara gani. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, a zafin garinku ma ya ɗan fi haka sauri. Wato zangon sauti mai haz 1,000 ya kai kusan santimita 34, mai haz 3,000 kuwa kusan santimita 11. Muddin zangon ya fi faɗin mazurarin lasifika tsawo, sautin yana bazuwa ko'ina. Da zarar ya gajarce ya yi daidai da faɗin mazurarin, sai ya daina bazuwa ya miƙe gaba ɗoɗar kamar hasken tocila, wanda ke saitinsa ya ji, na gefe ya sha duhu. Inci 15 ɗin nan da kake ƙauna tana fara wannan rowa tun wajen haz 1,000. Shi ya sa a bukukuwanka na da, dattawan da ke kujerun tsakiya suna toshe kunne, matan da ke gefen rumfa kuma suna tambayar juna me mawaƙin ya ce. Kai kana tsaye a bayan na'ura kana murmushi, kana zaton yaba maka ake yi.

Sai ka ce to a ƙanƙanta ta. Inci 5 takan baza sauti har wajen haz 3,000, inci 3 ma ta wuce nan. Ga kuɗin da za ka biya: ƙaramin mazurari iska kaɗan yake turawa, kuma duk sanda sauti ya sauka da rabi, misali daga 600 zuwa 300, sai mazurarin ya ninka tafiyarsa gaba da baya sau huɗu kafin ya ba da ƙara iri ɗaya. Yana wannan haki, wayar tana fita daga inda ƙarfin maganaɗisu yake daidai, murya ta fara gurɓata. Kuma mazurarin da ke kai da komo don fitar da sautin ƙasa, shi ne dai yake ɗauke da na sama, sai ya riƙa girgiza shi. Paul Klipsch, Ba'amurken nan mai ƙera lasifikar ƙaho, ya yi shekaru yana yi wa abokan sana'arsa gori a kan wannan. Don haka masu ƙera na ɗaki suka fi tsayawa tsakanin inci 4 da 6 da rabi, masu ƙera na fili kuma inci 8 zuwa 12. Akwai masu taurin kai. Kamfanin ATC na Ingila tun 1976 yake yin wata mai ƙoƙon yadi, faɗinta milimita 75 kacal, tana riƙe murya daga wajen haz 380 zuwa 3,500. Amma je ka ɗaga ta ka ji: maganaɗisun da ke bayanta ya ninka ta girma, kuɗinta kuma zai sa ka manta da sallama.

Yanzu ga inda ƙura take tashi tsakanin masana, wato abin da za a yi mazurarin da shi. Ana neman hali uku a wurinsa. Ya zama marar nauyi, don ya tashi da wuri. Ya zama mai tauri, don ya motsa gaba ɗayansa a tare. Ya kuma zama mai saurin yin shiru, kada a gama magana shi yana ci gaba da tasa. Biyu ake samu, na ukun sai an saya da tsada ko a haƙura. Kowane mazurari yana da inda yake karaya: idan sauti ya kai wani sauri, cibiyarsa ta yi gaba amma bakinsa bai samu labari ba tukuna, sai jikinsa ya riƙa lanƙwashewa, wani sashe na turawa wani na ja. Takarda tana karaya da wuri amma cikin ladabi, ɗan kaushi nan da can, zarenta yana shanye rawar. Alminiyam da magniziyam suna riƙe kansu har can sama, tsaf-tsaf, amma ranar da suka karaya sai sun yi kururuwa a wuri ɗaya, tsinin da kan haura desibel 10 a ma'aunin ƙarar sauti. Dole a sa masa tarko a cikin na'urar raba sauti. Ko an sa ma ba a gama ba, domin idan tsinin yana haz 5,100, ƙazantar da lasifikar ke haifarwa da kanta sa'ad da take rera haz 1,700 tana faɗawa daidai kansa, ninki uku ke nan, kuma wannan tarko ba ya kama ta don a bayansa aka haife ta. Shi ne wannan ɗan zafin da kake ji a muryar mace idan ta ɗaga, ka rasa daga ina yake.

Turawan BBC sun gaji da takarda saboda yau ta fito haka gobe haka, suka koma roba: Bextrene a shekarun 1960, daga baya injiniyansu Dudley Harwood ya kawo polipropilin. Murya ta yi laushi, kowace lasifika ta yi kama da 'yar uwarta. Bowers & Wilkins suka ɗauko Kevlar a tsakiyar shekarun 1970, zaren da ake saƙa rigar sulke da shi, mai ruwan ɗorawar nan da ka gani a hoto ka ce ya yi kama da babbar rigar hakimi, suka yi kusan shekara 40 a kai kafin su sauya a 2015. Yamaha kuwa a 1974 ta fito da NS-1000 mai ƙoƙon beriliyam, ƙarfen da ya fi kusa da haɗa rashin nauyi da tauri. Sai dai ga tsada, ga ƙurarsa guba ce ga huhu, idan kuma yaron maƙwabta ya danna masa yatsa, sai ka yi masa salla.

Na san wadda ta shiga ranka, don sau uku ka ambace ta a saƙon: 'yar ƙaramar LS3/5A ta BBC, ta tsakiyar shekarun 1970, wadda ka karanta a intanet cewa babu kamarta wajen muryar mutum. Ba su yi ƙarya ba. Amma ka tambayi don wa aka yi ta? Don injiniyan da ke zaune a cikin motar ɗaukar shiri, lasifikar na gabansa, hannu zai iya kai mata. Mazurarinta na Bextrene ne mai faɗin milimita 110, an shafe shi da wani danƙo don ya yi shiru, danƙon ya ƙara masa nauyi, nauyin ya cinye ƙara. Idan ka ba ta wat ɗaya ka tsaya mita ɗaya, abin da za ta ba ka bai wuce desibel 83 ba. A fili kuwa duk sanda ka ninka nisa, desibel 6 ya tafi. Mita 2, 4, 8, 16: ka zubar da 24 kafin ka isa inda surukai ke zaune. Ka ɗora mata duk wutar da za ta iya ɗauka, kukan jaririn da ake raɗa wa suna zai danne ta. Ita ba ta yi laifi ba. Kai ne kake son ka kai amaryar ɗaki tallan kasuwa.

Umdurman ta riga ka sanin wannan lissafi. A 1940 da aka buɗe gidan rediyonta a wani ɗan ɗaki na ginin gidan waya, ana shirin rabin awa a rana don ba da labarin Yaƙin Duniya na Biyu, mutane ƙalilan ne ke da akwatin rediyo. Sai aka kafa lasifikoki a dandali, jama'a su taru a tsaye su saurara. A farkon shekarun nan ne A'isha al-Fallatiya, 'yar asalin ƙasarmu da aka haifa a Kasala, ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a gidan, kuma har ta rasu a 1974 ana tuna ta da waƙa da Larabci da Hausa. Wato muryar 'yar uwarmu ta ratsa garin ne ta kayan sautin da kai yau za ka yatsina wa fuska. Ƙaho, irin na TOA da Ahuja da ke kan kowace hasumiya daga Fagge har Abbasiyya, yana matse iska a maƙogwaronsa ya sake ta a hankali zuwa baki, don haka wat ɗaya yake mayarwa desibel 105 ko fiye. Tsakaninsa da lasifikar ɗaki mai 85 akwai desibel 20, ma'ana abin da ƙaho zai yi da wat ɗaya sai ita ta sha wat 100. A garin da wuta ke zuwa ta gaisa ta wuce, ana lallaɓa batir da faifan sola, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Shi ma ƙahon ba kyauta yake aiki ba. Ƙasan murya ba ya fita sai bakinsa ya yi faɗin da ba zai shiga ƙofarka ba, don haka kowane ladani yake zama siriri. Sauti yana kai da komo a cikin bututun ya ba murya wannan amon na mai mura. Idan aka matsa masa, iskar da ke maƙogwaron ita kanta takan gurɓata sautin. Kuma yana harbi ne wuri guda. To amma dubi abin mamaki: ka tuna Maulidi a filin Halifa, kwana goma sha biyun farko na Rabi'ul Awwal, kowace ɗariƙa da rumfarta, Sammaniyya nan, Ƙadiriyya can, Tijjaniyya da Khatmiyya kowa da masu begensa, ga masu sayar da alawar Maulidi a tsakani. A irin wannan wuri lasifikar da ke baza murya ko'ina fitina ce, kowa zai shiga zikirin maƙwabcinsa. Rowar da na zaga ɗazu ita ce ladabi a nan. Halin da ya zama aibi a gidan biki ya zama abin nema a filin Maulidi, kai kuma kana so in sayo maka guda ɗaya ta yi duka biyun.

Sai zafi, wanda ba sai na yi maka wa'azinsa ba, kai da ke garin da watan Mayu ke wuce digiri 40 kullum. Abin da ba ka sani ba shi ne lasifika kanta murhu ce. A irin ta ɗaki, cikin wat 100 da ka ba ta, wanda ke zama sauti bai cika kai ɗaya ba, sauran duk zafi ne a jikin kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar nan. Jan ƙarfe kuwa duk digiri ɗaya da ya ƙara zafi, taurin kansa ga wuta yana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Idan kwayil ya kai digiri 200, kuma yana kaiwa, ya ƙaru da kusan kashi 70. Wuta ta rage shiga, ƙara ta ragu, Bazazzagi ya ga mutane sun daina rawa ya murɗa maɓalli, zafi ya ƙaru, ya sake murɗawa. Ka tuna bikin nan na Umbadda da amarya tana tsakiyar fili sai wani ƙauri ya tashi, mata suka ruga madafa suna zaton miya ce ta kama? Ka rantse wutar gari ce ta yi sama. Janareta kake amfani da shi a ranar, Malam. Yatsanka ne ya yi sama.

Maganin zafi shi ne babban kwayil, inci 2 ko 3, mai faɗin jikin da zai fitar da shi. Amma babban kwayil nauyi ne, kuma yawan naɗi yana sa shi ƙin sautin sama, sai a sa zoben jan ƙarfe a cikin ramin don a lallashe shi, zoben ya ci kuɗi ya kuma ɗan rage ƙarfin maganaɗisu. Idan aka yi dogon kwayil a gajeren rami, an samu araha da doguwar tafiya, amma wani sashe na wayar yana waje yana cin wuta a banza. Idan aka yi gajere a dogon rami, murya ta fi tsabta, sai dai maganaɗisun da zai cika wannan rami ba na talaka ba ne. Wasu sukan ɗiga wani mai mai ɗauke da garin ƙarfe a cikin ramin ya riƙa kwashe zafi, dabarar da ta samo asali daga binciken hukumar NASA a shekarun 1960. Yana aiki. Amma shekaru da zafi suna kafar da shi ya yi kauri, lasifikar ta dusashe a hankali mai ita bai sani ba, yana zargin kunnensa.

Maganaɗisun ma da nasa labarin, kuma Afirka na ciki. Lasifikokin da dattawa ke yabo na alniko ne, haɗin da ke buƙatar kobal. Da faɗa ya ɓarke a Kolwezi ta ƙasar Zayar a 1978, inda ake haƙo kobal mai yawa, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, manyan kamfanoni suka koma baƙin maganaɗisun nan na ferait mai nauyi da araha. Daga shekarun 1980 aka samu niyodimiyam, ɗan mitsitsi mai ƙarfin tsiya, wanda zai sa ka ɗauki akwati da hannu ɗaya. Na san shi kake so, don Bazazzagi da ɗaukar kaya ba sa ga maciji. Sai dai na gama-garinsa yana fara rasa ƙarfi daga wajen digiri 80, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ɗauki baƙin akwati, ɗora shi a kan amalanken jaki da azahar daga Sauk Libiya zuwa Sawra, sannan ka kunna shi awa biyar, ka lissafa da kanka. Akwai mai jure zafi, kuɗinsa daban. Kuma a 2011, bayan Sin ta taƙaita fitar da irin waɗannan ma'adinai, farashi ya haukace, kowa ya gane a hannun wa igiyar take.

Ƙura kuwa, wanda bai ga habub ba bai san ta ba. Harmatan ɗinmu wasan yara ne a kan wannan jan bango da ke tasowa ya rufe tsibirin Tuti da gadoji, rana ta koma dare. Lasifikokin tsakiya masu tsada da yawa an cire musu hular da ke rufe cibiya, an dasa wani tsinin ƙarfe a wurin, don a rage nauyi, a gyara bazuwar sautin sama, a kuma ba zafi hanya. Kyakkyawar dabara ce a Landan. A Umdurman ƙofa ce aka buɗe wa ƙura zuwa cikin ramin da tazararsa da kwayil ba ta kai milimita ɗaya ba, ga maganaɗisu yana kiran duk wani garin ƙarfe da ke cikinta. Damina ɗaya, ka fara jin ƙar-ƙar a ƙarƙashin murya. Bakin mazurari na soso ya fi kowanne laushi da sauƙin nauyi, amma shekaru kaɗan ya ruɓe ya zube. Na roba ya fi daɗewa, ya fi nauyi. Na yadi mai ninki-ninki da aka shafa wa danƙo ba shi da kyan gani, ba ya tafiya mai nisa, amma zai ga jikokinka.

Ka kuma tambayi kanka wa zai gyara. Kafin yaƙi kana iya tsallaka gada ka shiga Titin Hurriyya ka samo kusan duk abin da ya shafi lantarki. Mazurarin takarda da kwayil na jan ƙarfe, duk yaron da ya yi shekara biyu a gaban mai gyaran rediyo zai naɗa maka sabo, ya sa 'yan takardu ya daidaita tsakiya, ya manne da gam, gobe ka koma aiki. Na sha tsayawa a Sabon Gari ina kallon yadda suke yi, waya siririya tana zagaya ƙarfe, yaro yana ƙirga naɗi da leɓe yana kuma cinikin wani aikin da ɗaya kunnen. Kai masa beriliyam ka ga irin kallon da zai yi maka.

Saura maganar mahaɗa, a taƙaice. Akwati mai lasifika biyu yakan miƙa aiki daga babba zuwa tuwita, ƙaramar da ke ɗaukar sautin sama, a wajen haz 2,000 zuwa 3,000, daidai inda kunne ke tsaye da bulala, inda ake bambance sinun da shinun. Sa ta tsakiya yana ture mahaɗar zuwa gefe biyu, murya ta fito daga baki ɗaya. Ladan ke nan. Kuɗinsa kuwa mahaɗa biyu maimakon ɗaya, ƙarin kayan raba sauti, da ɗan ɗaki na musamman a cikin akwatin don kada iskar bes ta riƙa dukan ta ta baya. Idan aka yi shi da ganganci, gara biyun. Ko da yake ban san me ya dame ka da wannan ba, kai da ka fito daga garin da kunnensu bai taɓa jin bambancin "ne" da "ce" ba.

Ga abin da zan saya maka, ba don ka cancanta ba. Inci 8, mazurarin takarda da aka shafa wa maganin laima, bakin yadi, cibiya a rufe da hula, kwayil inci 2, baƙin maganaɗisu mai karya ƙugu, mai ba da desibel 95 ko sama da haka a wat ɗaya. Ka ba ta aiki daga wajen haz 300, ka karɓe shi kafin 2,000 ka miƙa wa ƙaramin ƙaho mai faɗin baki. Kowane gefe ka sa akwati biyu, ɗaya ya kalli tsakiya ɗaya ya karkata wajen mata, a kan sanda sama da kawunan mutane, maimakon guda ɗaya da za ka murɗe wa wuya. Abin da ka rasa: ba za ka ji numfashin mawaƙi da motsin yatsa a kan udu yadda 'yar BBC za ta ba ka ba, kuma bayanka zai yi ciwo. Idan kasuwa ta buɗe ka tara kuɗi, ka sayi mai inci 5 ka ajiye a ɗaki, ka rufa mata zane, ka riƙa saurare bayan isha'i kai da gahawarka ta jabana.

In sun iso, kada ka gwada su da kiɗan da ke girgiza ƙirji, kowace gwangwani tana iya wannan. Sa karatun marigayi Shehu Nurain Muhammad Siddiƙ, Allah Ya ji ƙansa, wanda ka san muryarsa kamar yunwar cikinka. Rage ƙara. Taka daga wannan kusurwa ta gida zuwa waccan, ka tsaya bayan rumfa, ka tsuguna inda tsofaffi ke zama. Duk inda haruffa suka fara cakuɗewa, nan ne aikinka yake, juya akwatin za ka yi, ba maɓalli ba.

Kuɗi kuma a gaba, don na san halinka. Kada ka ce za ka turo ta Bankak, 'yan Sabon Gari ba su san shi ba, kada kuma ka ce za ka biya ni da agashe idan na zo, tsirenmu ne ya bi hanyar Makka ya maƙale a wurinku, ba za ka sayar mini da kayan gidanmu ba. Kafin nan ka auno mini faɗin ramukan da ke jikin tsofaffin akwatunan, da zurfinsu. Da tef, Malam. Na san Bazazzagi, sai ya auna da ɗani ya rantse inci takwas ne.